Cinco de Mayo: Bikin 'yan Meziko da ya fi armashi a Amurka

Cinco de Mayo, wato "biyar ga Mayu" da Sifaniyanci, biki ne na shekara-shekara da ake yi domin tunawa da galabar da sojojin Meziko suka yi a kan rundunar Faransa a birnin Puebla ranar 5 ga Mayu, 1862. Mutane da dama, har da Amurkawan da ba sa fashin halartarsa, sun ɗauka ranar 'yancin kan Meziko ce. Ba haka ba ne. Ranar 'yanci ita ce 16 ga Satumba, wadda ke tunatar da kiran tawaye ga mulkin Sifaniya da wani limamin coci, Miguel Hidalgo, ya yi a 1810. A cikin Meziko bikin Mayu ba shi da wani ƙarfi sai a jihar Puebla, domin a sauran ƙasar bankuna da kasuwanni a buɗe suke wuni. A Amurka ne, inda mutane fiye da miliyan 35 suke da asali da Meziko, ranar ta zama gagarumin taro na kiɗa da abinci da ciniki.

Tushen labarin bashi ne. Bayan shekaru uku na yaƙin basasa, baitulmalin Meziko ya ƙafe, sai Shugaba Benito Juárez ya sanar a watan Yulin 1861 cewa ƙasar ta dakatar da biyan basussukan waje har shekara biyu. Birtaniya da Sifaniya da Faransa, waɗanda ke bin ta kuɗi, suka haɗa kai suka tura jiragen yaƙi tashar Veracruz. Birtaniya da Sifaniya sun zauna da gwamnatin Juárez, suka daidaita, suka janye a watan Afrilun 1862. Shi kuwa Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, bashin hujja ce kawai a wurinsa; burinsa shi ne ya kafa daula a Meziko wadda za ta riƙa bin umarninsa.

Rundunar Faransa mai sojoji wajen 6,000, ƙarƙashin Janar Lorencez, ta nufi babban birnin ƙasar, kuma dole ta bi ta Puebla. Can ta tarar da Janar Ignacio Zaragoza da mayaƙan da ba su kai nata yawa ba, balle kayan faɗa, sun ja daga a ganuwoyin Loreto da Guadalupe da ke kan tudu. Sau uku Faransawa suna kai hari ana mayar da su. Da yamma ruwan sama ya sauko, gangaren ya yi santsi, suka ja da baya bayan sun yi asarar ɗaruruwan sojoji, alhali waɗanda Meziko ta rasa ba su kai ɗari ba.

Nasarar ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba. Zaragoza ya rasu da zazzaɓin taifot a watan Satumba na wannan shekara, yana da shekara 33. Faransa ta dawo da ƙarin dakaru, ta ci Puebla a 1863, ta ɗora Maximilian ɗan gidan sarautar Ostiriya a kan mulki a 1864. Sai a 1867, bayan Faransa ta kwashe sojojinta, aka kama Maximilian aka harbe shi, Juárez ya koma fadarsa.

Yadda ya ƙetara iyaka

Abin tambaya shi ne me ya sa yaƙin wuni ɗaya a Meziko ya zama biki a wata ƙasa. Kalifoniya da ma yankin Meziko ce har 1848, lokacin da Amurka ta karɓe ta bayan yaƙi, don haka a 1862 akwai ɗimbin masu jin Sifaniyanci a can. A daidai lokacin Amurka ma tana cikin nata yaƙin basasar, tsakanin Arewa da jihohin Kudu masu riƙe da bayi. Meziko ta haramta bauta tun 1829, kuma 'yan asalinta a Kalifoniya suna fargabar cewa idan Faransa ta zauna da gindinta a maƙwabta, za ta tallafa wa Kudu. Da labarin Puebla ya iso bayan wasu makonni, mahaƙan zinare a garin Columbia suka yi ta harbin bindiga sama don murna. Aka kafa ƙungiyoyin kishin ƙasa masu tara wa Juárez gudunmawa, kuma tun daga 1863 suka soma raya ranar da jerin gwano da jawabai. Farfesa David Hayes-Bautista na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya bibiyi wannan tarihi a jaridun Sifaniyanci na zamanin, ya fitar da littafi a kansa a 2012, inda ya nuna cewa bikin a matsayinsa na taron jama'a haifaffen Amurka ne.

A shekarun 1960 ɗalibai da 'yan gwagwarmayar neman haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Meziko suka sake ɗaukar ranar, saboda labarin raunana da suka kayar da mai ƙarfi ya dace da halin da suke ciki. Daga shekarun 1980 kuma kamfanonin giya suka shigo da tallace-tallace, suka yaɗa sunan bikin ko'ina a ƙasar, amma suka rage masa ma'ana. A yau mashaya da yawa suna cika a daren 5 ga Mayu da mutanen da ba su taɓa jin sunan Zaragoza ba, abin da ke ɓata wa dattawan al'ummar rai, kuma da gaskiyarsu.

Kiɗa da abinci

Bikin unguwa na ainihi daban yake da na mashaya. A Los Angeles da Denver da San Antonio da Saint Paul akan rufe tituna, a kafa rumfuna, iyalai su fito da yara. Kiɗan da ya fi fice shi ne mariachi, wanda ya samo asali daga yammacin Meziko, musamman jihar Jalisco: ƙungiyar makaɗa sanye da matsattsun tufafi masu aiki da faffaɗan malafa, suna haɗa goge irin na Turawa da ƙahon ƙarfe da jita iri-iri, ciki har da wata ƙatuwa mai kaurin murya da ake kira guitarrón. Hukumar UNESCO ta sanya mariachi cikin al'adun gado na duniya a 2011, shekara guda bayan ta yi wa girkin gargajiyar Meziko irin wannan karramawa.

Masara ce ƙashin bayan girkin. Akan dafa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka kafin a niƙa, dabarar da ke sa ƙullin ya kama jikinsa, ta kuma ƙara masa amfani a jiki. Da wannan ƙulli ake yin tortilla, faifan waina marar kauri da ake naɗe nama a ciki, da tamales, wanda ake ƙunshewa a ɓawon masara a turara kamar alale. Abincin da Puebla ke taƙama da shi shi ne mole poblano, miya mai duhu da kauri ta busasshen barkono iri-iri da riɗi da gyaɗa da kayan ƙamshi da ɗan cakulan, wadda ake zubawa a kan talotalo ko kaza. Akwai kuma naman da ake gasawa a tsaye a kan ƙarfe mai juyawa, wanda baƙi daga Labanan da maƙwabtanta suka kai Puebla. Ɗan'uwan shawarma ne, sai dai a Meziko galibi da naman alade ake yin sa, kuma kitsen alade na shiga tamales da wake, abin da Musulmi mai ziyara zai so ya tambaya kafin ya saya.

A rumfunan sha akwai wani jan ruwa mai tsami da suke kira agua de jamaica. Zoɓo ne, ba wani abu ba. Abin da Meziko ke nomawa ba ya isar ta, shi ya sa ta zama babbar kasuwar zoɓon Najeriya, wanda akasarinsa daga Jigawa da Kano da maƙwabtansu yake fitowa.

Ga masu gidajen abinci da 'yan tireda na waɗannan unguwanni, bikin na cikin manyan ranakun cinikin shekara, don haka duk abin da ya taɓa shi ya taɓa aljihunsu. A 2025 masu shirya jerin gwanon Cinco de Mayo na Chicago sun soke shi, suna cewa jama'a na tsoron samamen jami'an shige da fice bayan dawowar Shugaba Donald Trump kan mulki. A Philadelphia ma an soke bikin 'yan asalin Puebla na wannan shekara bisa wannan dalili, kamar yadda aka taɓa yi a 2017.