Taurari, wariya da darasi a ƙagaggun labaran Hausa na makaranta

Ɗalibin da ya zaɓi darasin Hausa a sakandare, a Gusau yake ko Tsafe ko Bunguɗu, zai tarar ana nazarin ƙagaggen labari ta fuskoki sanannu: jigo, zubi da tsari, salo, da taurari. Littattafan da hukumomin WAEC da NECO da JAMB ke sanyawa suna sauyawa bayan 'yan shekaru, amma akwai tsofaffin da malamai ba sa rabuwa da su, domin a kansu aka gina fannin.

Tushensu gasar 1933 ce, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Tun farko don makaranta aka yi su, saboda waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa. Shi ya sa darasi ya zauna a cikinsu daram.

Sai dai darasin bai zo da sauƙin da takardar jarrabawa ke nunawa ba. Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, ya bar gida da kyakkyawar niyya, neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma tafiyar tasa cike take da damfara da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ɗalibi yakan rubuta cewa jigon littafin juriya ce da cika alkawari, ya ci makinsa, alhali abin da ya riƙe shi har shafin ƙarshe wayon mutum biyu ne da ba wanda zai so ya ba su ajiya. Jiki Magayi ya fi shi ɗaci. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, masifar kuwa ta faɗa kan Kyauta, yaron da bai ji ba bai gani ba, wanda ya zama ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. A nan ba wanda ya fita da tsabta, kuma wannan ne ƙarfin littafin.

Shaihu Umar ne aka fi ɗauka madubin kyawawan halaye. An sace Umar yana ƙarami, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai tana gab da rasuwa. Makau, mijinta, amintaccen bafade ne da hassadar 'yan'uwansa fadawa ta raba da gida. Duk ma'aikacin da aka taɓa kai wa sara wajen maigida zai gane shi. Haƙuri da tawakkali su ne darasin da ake koyarwa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba shi ne yadda littafin ya nuna azabar cinikin bayi filla-filla ba tare da wani tauraro ya tuhumi tsarin kansa ba. Harin kamo bayi yana wucewa kamar aikin fada na yau da kullum. Ko marubucin ya bar mai karatu ne ya yanke hukunci, ko kuwa ladabin zamaninsa ne ya hana shi, manazarta sun daɗe suna muhawara. An mayar da labarin fim a 1976 ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu.

Wariya a tsofaffin littattafan ba jigo ba ce, iska ce da labarin ke shaƙa. Baƙauye wawa ne da ɗan birni ke yi wa wayo. Wanda ba Musulmi ba, a Ganɗoki, abokin gaba ne ko ganima. Mace kuwa sau da yawa lada ce da ake bai wa jarumi idan ya yi nasara. A Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ana yawan jawo dariya daga gurɓatacciyar Hausar baƙo. Wani ɓangare na wannan barkwancin taubasantaka ne, irin wanda ƙabilu ke yi wa juna ba da ƙiyayya ba, kuma rashin adalci ne a auna marubucin 1934 da ma'aunin yau kaɗai. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya rarrabe wasa da hukunci sai an nuna masa, kuma wanda ake yi wa dariyar yana iya kasancewa a benci ɗaya da shi.

Littafin da ya ɗauki wariya a matsayin jigonsa na gaba-gaba yana da alaƙa da Zamfara kai tsaye. Hafsat Abdulwaheed, haifaffiyar Kano a 1952, ta shafe shekaru masu yawa tana zaune a Gusau. Littafinta So Aljannar Duniya ya zo na biyu a gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, bayan Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, aka buga shi a 1980. Ana lissafa ta a matsayin mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari na Hausa.

Tauraruwar ita ce Boɗaɗo, budurwa Bafulatana da ta kamu da son Yasir, saurayi mai jinin Larabawa. Danginta ba su zarge shi da mugun hali ba. Laifinsa shi ne ba nasu ba ne. Boɗaɗo ta yi abin da pulaaku, wato kunya da kawaici da kame kai na Fulani, bai yarda da shi ba: ta furta sonta a gaban manya, ta kuma kafa hujja da cewa addini bai sanya ƙabila cikin sharuɗɗan aure ba. Marubuciyar ta bayyana cewa auren yayarta da wani ɗan ƙasar Libiya ne ya ba ta tushen labarin. Muhimmancin littafin shi ne ya juya akalar kallo. A da, daga bakin ɗan birni ake ganin Bafulatani, abin wasa ko abin tsoro. A nan daga cikin gidan Fulani ake magana, da ƙimarsa da taurin kansa, kuma masu nuna wariyar mutane ne masu ƙaunar 'yarsu, ba mugaye ba. Wannan ya fi wahalar koyarwa, ya kuma fi kusa da gaskiya. Manazarta suna ganin shi ne ya share fage ga littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda mata suka fi rubutawa.

A Zamfara ta yau batun ya wuce na aure. Rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya sa a ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bunguɗu ana yanke wa mutum hukunci daga kamanninsa ko harshensa, makiyayi a ɗauke shi ɓarawon daji, manomi a ɗauke shi mai kai rahoto. Makarantun kansu ba su tsira ba: an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, kuma a Satumbar shekarar gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan wani harin a Maradun. Malamin Hausa da ke karantar da labarin satar Umar a irin wannan aji ba tarihi yake karantarwa ba.

Malaman da ke wannan aiki, da dama daga cikinsu suna fitowa ne daga Kwalejin Ilimi ta Maru, a kan hanyar da ta bi ta Bunguɗu zuwa Sakkwato. Ita kuwa Hajiya Hafsat ba ta tsaya kan rubutu ba. Ta yi aikin kare haƙƙin mata, kuma gabanin zaɓen 2003 ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara, abin da ya jawo mata suka mai zafi a jihar. Cikin sauran littattafanta akwai 'Yardubu Mai Tambotsai da Nasiha ga Ma'aurata.