Asalin Sunan PZ a Zariya

Unguwar kasuwanci da ake kira PZ a Sabon Garin Zariya ta samo sunanta ne daga Paterson Zochonis, kamfanin da George Paterson da George Zochonis suka kafa a Saliyo, wanda ya buɗe reshe a Legas a 1899, daga baya ya biyo layin dogo zuwa Arewa yana sayen amfanin gona. Da yake sunan ya yi wa bakin jama'a tsawo da nauyi, sai harufansa na farko suka zauna, kamar yadda BCGA, ƙungiyar auduga ta Birtaniya, ta koma Bisije. Yau yaran mota a Samaru suna kiran fasinjan PZ, alhali kaɗan ne suka san mutanen da harufan ke wakilta, kuma wannan giɓi ne da ya kamata marubuta tarihin Zazzau su cike.