Ƙwaro makashi: siffarsa da yadda masana ke gane sabon jinsi

A shekarar 2018 masana kimiyya sun bayyana gano wani sabon jinsin ƙwaro a kogon Rio Frio da ke ƙasar Belize, a yankin Amurka ta Tsakiya, inda suka raɗa masa suna Triatoma mopan. Shekara guda bayan haka aka sanar da wani ɗan uwansa a lardin Huehuetenango na ƙasar Guatemala.

Dukkansu biyun suna cikin babban dangin da masana ke kira Reduviidae, wanda ya ƙunshi jinsi kimanin 7,000 a duniya. Sunan da Turawa suka ba dangin yana nufin mai kisan gilla, saboda akasarinsu da farautar wasu ƙwari suke rayuwa.

Wasu daga cikin wannan dangi suna nan a gonakin Afirka ta Yamma, musamman inda ake noman auduga.

Siffar jiki

Abin da ake fara dubawa shi ne baki. Ƙwaro makashi yana da baki gajere mai kauri kamar tsinke, wanda a ido yake nuna gaɓa uku, kuma a yawancin jinsunan a lanƙwashe yake zuwa ƙarƙashin kai. Da shi yake soke abin da ya kama, ya zuba masa yawu mai dafi wanda ke sandarar da shi ya kuma narkar da cikinsa, sa'an nan ya tsotse, ya bar fanko.

Ƙarshen bakin yana kwanciya ne a cikin wani ɗan kwari mai zane-zane da ke tsakanin ƙafafun gaba. Idan aka taɓa ƙwaron yakan goga bakin a wannan kwari, ya fitar da 'yar ƙara. Wannan kwari na daga cikin manyan alamomin da masana ke dogara da su wajen sanya ƙwaro a cikin dangin.

Kansa siriri ne mai tsawo, da ɗan wuya a bayan idanu. Yana da ƙahonni biyu masu kamar zare, kowanne da gaɓa huɗu. Da dama daga cikinsu suna da wani tattausan matashi mai gashi a ƙafafun gaba, wasu kuma gashi mai danƙo, domin riƙe abin farauta.

Yadda ake tabbatar da sabon jinsi

Launi ba ya isa ya zama hujja, domin jinsi ɗaya kan zo da launi iri-iri. Shekara da shekaru ana ɗaukar ƙwarin Belize da Guatemala a matsayin wani sanannen jinsi mai suna Triatoma dimidiata, sai da binciken ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna cewa akwai bambanci.

Daga nan masana kan koma ga madubin da ke ƙara girman abu. Sukan auna tsawon kai da faɗinsa, da tazarar idanu, da gaɓoɓin baki da na ƙahonni, da ƙirar farantin da ya rufe doron ƙirji. Mafi muhimmanci shi ne al'aurar namiji, wadda ƙirarta ta sha bamban daga jinsi zuwa jinsi. Har ma a shekarar 2021 an bayyana wani ƙwaro makashi da ya sandare a cikin dutse a jihar Kolorado ta Amurka kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma wannan sashen jiki da ya saura bai lalace ba ya taimaka wajen nazarinsa.

Bayan an kammala, akan ajiye samfuri guda a gidan adana kayan kimiyya, a wallafa bayaninsa, domin duk mai shakka ya je ya gwada da nasa.

A gonakin auduga

Yankin Gusau da Tsafe da Bungudu, inda tsohon garin ilimi na 'Yandoto yake, ya daɗe da sanin auduga. Manoman wannan yanki sun san jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke taruwa a kan ƙwallon auduga idan ya fara buɗewa da kaka. Masana na kiransa Dysdercus. Yana tsotsar gurya, kuma ta wurin hudar da ya yi wani naman gwari kan shiga ya rina kaɗar ta koma rawaya, farashinta ya faɗi. Yakan kuma rayu a kan kuɓewa da rama da 'ya'yan kuka da na rimi.

Babban abokin gabarsa wani ƙwaro makashi ne mai suna Phonoctonus, wanda ya ɗauki launinsa har ya zama da wuya a bambanta su daga nesa. Amma idan an duba da kyau bambancin a fili yake. Maɓarnacin yana da baki siriri dogo mai gaɓa huɗu, a miƙe a manne da ciki, kuma yawanci a tare ake ganinsu, wasu biyu-biyu a haɗe ta baya. Makashin kuwa bakinsa gajere ne a lanƙwashe, yana da wuya, yana kuma da wasu ƙananan idanu biyu a saman kai waɗanda maɓarnacin ba ya da su.

Feshin maganin ƙwari ba ya bambanta su, don haka feshin da ya wuce kima yakan kashe mai gadin gona tare da ɓarawon. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ce ke da alhakin binciken auduga.

Afirka na da wasu masu ban mamaki. 'Ya'yan Acanthaspis petax na gabashin nahiyar sukan ɗora gawarwakin tururuwar da suka tsotse a bayansu, abin da ke rage harin gizo-gizo a kansu. Wasu manyan jinsunan Platymeris kuma sukan fesa yawu mai zafi idan an tsokane su.

Haɗari ga ɗan Adam

Wani ƙaramin reshe na dangin, wanda Triatoma ke ciki, jinin mutane da dabbobi yake sha da dare, kamar kuɗin cizo. Shi ke yaɗa cutar Chagas, wadda likitan Brazil Carlos Chagas ya gano a 1909. Ƙwayar cutar tana fita ne a kashin ƙwaron, ta shiga jiki idan mutum ya sosa wurin cizon. 'Yar uwa ce ga ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu.

Cutar ta kama miliyoyin mutane, akasarinsu a Latin Amurka, kuma tana iya lalata zuciya bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa gano sabon jinsi a can ke da nauyi, musamman da yake an samu na Guatemala a cikin gidaje ɗauke da ƙwayar cutar.

Waɗanda ke gonakin arewacin Nijeriya mafarautan ƙwari ne, ba sa yaɗa wannan cuta. Sai dai idan aka damƙe su da hannu sukan soki mutum, kuma wurin yakan yi raɗaɗi da kumburi.