Cikin Tagwaye a Ƙasar Zamfara: Daga Zamanin Ƙaho Zuwa Na Sikanin

A ƙasar Hausa haihuwar tagwaye murna ce ninki biyu. Raguna biyu ake yankawa, suna kuma a shirye yake tun kafin a yi shawara: Hassan da Hussaini, ko Hassana da Hussaina, wanda ya biyo bayansu kuwa Gambo. Har yau akwai masu gudun ɓata wa 'yan biyu rai, wai kada su turo musu kunama. Amma mu ungozomomin asibiti da muka fara aiki tun Gusau tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, mun san abin da ba a faɗa a gidan suna. Kusan duk wani haɗari da mai ciki ke fuskanta, mai tagwaye ta fi shiga cikinsa: ƙarancin jini, hawan jini da jijjiga, haihuwar bakwaini, kwanciyar jariri a gicciye, da zubar jini bayan an sauka.

A wancan lokaci kayan aikinmu hannu ne da igiyar awo da ƙahon sauraron bugun zuciya. In ciki ya fi watanninsa girma, sai mu laluba mu ji ko kai biyu ne, ko gaɓoɓi sun yi yawa. In muna shakka, mu biyu za mu kafa ƙaho a wurare daban, kowace tana ƙirga bugun da take ji da yatsa. In lissafi ya bambanta, to zukata biyu ne. Wannan fa ga wadda ta zo awo ke nan, kuma ba su da yawa. Mafi yawan mata a ɗakinsu suke durƙusawa, su kaɗai, saboda kunya. Ungozomar gargajiya ba a kiranta sai an gama, ta yanke cibiya ta yi wanka.

A nan matsalar tagwaye take. Na farko ya faɗo, an yi guɗa, amma ciki bai sace ba, mabiyiya ba ta fito ba. Sai wata tsohuwa ta taɓa ta ce akwai saura. Daga nan sai jira, da rubutun sha, da jiƙe-jiƙe. Kafin maigida ya dawo daga gona ya ba da izini, a nemo mota daga Nahuce ko Kwatarkwashi ko 'Yankuzo, an yi wuni, wani lokaci an kwana. Da za ta iso mana, bakin mahaifa ya fara tsukewa, hannun jariri ya leƙo, ko cibiya ta riga shi fitowa. Sau da yawa Hassan yana gida lafiya, Hussaini kuwa ya rasu a ciki. Uwar in ta tsira daga tsagewar mahaifa, tana iya ƙarewa da yoyon fitsari, irin matan da daga baya ake yi wa gyara a asibitin Farida da ke Gusau.

Shi ya sa ƙa'ida ta farko da manyanmu suka cusa mana ita ce: kada ki yi wa mace allurar tsuke mahaifa sai kin ɗora hannu a cikinta kin tabbatar babu wani jariri. Allurar da muke amfani da ita a lokacin, agometirin, tana damƙe mahaifa da ƙarfi. In akwai na biyu a ciki, an rufe masa ƙofa.

Abin da muke gani da ido, a Zariya aka fara rubuta shi da alƙaluma. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa mace-mace ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya lalace ake kawo su. Aikin yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya, har aka yi taron Nairobi na 1987 kan ceton mata masu haihuwa. Mu darasin da muka ɗauka shi ne, ba tagwayen ke kisa ba, rashin sanin suna nan ne.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Kafin nan, abin da ya fi ƙarfin babban asibitin Gusau sai Sakkwato ko Zariya. A yau garin yana da asibitin tarayya da ake kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Tsafe da Bunguɗu kowace tana da babban asibitinta. Makarantar jinya da ungozomanci ta Gusau da kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe suna yaye 'ya'yan jiha, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mace ta fi sakin jiki da wadda ke jin harshenta.

Amma a ganina babu abin da ya sauya aikinmu kamar sikanin. Da farko tsofaffi sun ƙi shi, suna cewa leƙen abin da Allah ya ɓoye ne. Yanzu mata da kansu ke nema, ko da yake da yawa don su san mace ce ko namiji. Ga mai tagwaye amfaninsa ya wuce haka. In an yi shi a watanni uku na farko, ana iya gane ko kowane jariri da mabiyiyarsa, ko guda suke rabawa. Masu rabawa sun fi haɗari, domin jini na iya karkata ga ɗaya ya bar ɗan'uwansa, don haka a kan sa musu ido sosai, a sauke su wajen mako 36, masu mabiyiya biyu kuma wajen mako 37. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta yi awo sau takwas, da sikanin ɗaya kafin mako 24.

Jijjiga ma ta samu magani. A da, da diyazefam muke kwantar da mai jijjiga, ta yi ta barci, jaririn ma ya fito a galabaice. A 2008 aka shigo da allurar maganiziyam a asibitoci goma na Jihar Kano, mutuwar masu jijjiga ta faɗi ƙwarai, daga nan ta bazu a Arewa. Sai dai har gobe muna fama da wata tsohuwar magana: wai kumburin ƙafa da fuska alamar tagwaye ce ko ɗa namiji, a yi murna. Nakan ce wa uwar miji, "Inna, kumburin nan da ciwon kai da ganin dishi-dishi ba albishir ba ne, a zo a auna jininta yau."

Zubar jini kuwa, mahaifar da ta ɗauki biyu ta miƙe fiye da kima, ba ta saurin tsukewa. Ga shi yawancin matanmu da ƙarancin jini suke shiga naƙuda, saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki. A 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi rajistar ƙwayar misofurostol don tsayar da jinin haihuwa, ƙwayar da ba ta buƙatar firij. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a Najeriya. Ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni, tare da haɗa magunguna lokaci guda, yana rage mummunar zuba da kusan kashi 60 cikin 100.

An kuma yi ƙoƙarin kai aikin ƙauye. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi ƙananan asibitocin karkara. Shirin PRRINN-MNCH, wanda ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe, ya horar da direbobin tasha su ɗauko mai naƙuda da gaggawa. Bakwaini kuma, tunda fiye da rabin tagwaye ba sa cika mako 37, mun koyi goyon ƙirji, fata da fata, dabarar da aka faro a ƙasar Kolambiya a 1978. Inda babu kwalba ko babu wuta, uwa ta ɗauki ɗaya, kaka ko goggo ta ɗauki ɗaya.

Wani abin da ke korar mata daga asibiti shi ne tsoron wuƙa. Gaskiyar ita ce ba kowace mai tagwaye ake yi wa aiki ba. Wani babban bincike na 2013 ya nuna cewa in na farko ya taho da kai, haihuwa da kanta ba ta fi tiyata haɗari ba, muddin akwai ƙwararru da ɗakin tiyata a kusa. Sharaɗin ke nan, kuma shi ne ba ya samuwa a ɗakin uwar miji.

Abin da ya rage mana yanzu hanya ce. Rashin tsaro ya sa ma'aikata sun bar wasu asibitocin ƙauye, direba ba ya yarda ya shiga daji da dare. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a jihar, ko kiran mota bai yiwu ba. Ilimi ya zo, magani ya zo, amma mace a Ɗanjibga ko Magami tana iya komawa halin da muka sani a farkon aikinmu. Wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara kusan ɗaya cikin tagwaye biyar ba ya kai shekara biyar.

Don haka kirana ga magidanta ne da iyayen miji. Muna da al'adar goyon ciki, mace ta koma gidansu ta haihu. In sikanin ya nuna biyu ne, a yi goyon cikin a gidan ɗan'uwa da ke kusa da asibiti mai ɗakin tiyata, tun ciki yana wata bakwai, ko da haihuwarta ta goma ce. A tanadi masu ba da jini aƙalla biyu, a gwada jininsu tun da wuri. Maigida ya ba da izinin tafiya asibiti tun yanzu, kada a tsaya nemansa ranar naƙuda. Kuɗin rago ɗaya in ya tafi a awo da magani, ya fi a sayi biyu a yanka ɗaya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da suka haifa.