Asfirin: Me Ya Sa Yake Warin Ruwan Khal Idan Ya Lalace?

Asfirin maganin ciwo da zazzaɓi ne da Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1897. Ana samar da shi ta hanyar ɗaura wa sinadarin salisilik asid wani ɓangare na asetik asid, sinadarin da ke sa ruwan khal tsami.

Danshi da zafi suna warware wannan haɗin, sinadaran biyu su rabu. Idan ka buɗe kwalbar asfirin ka ji warin khal sosai, maganin ya lalace, kada ka sha.

Ajiye shi a rufe, a busasshen wuri mai sanyi. Kada ka ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16, ko mai gyambon ciki, sai da umarnin likita.