Sai Masu Gida: Yadda Ƙungiyoyi Uku Suka Haifi Kano Pillars

A shekarar 1990, lokacin da Najeriya ta fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru aka kuma kafa Pillars, Haɗeja da Birniwa suna cikin Jihar Kano. Sai a watan Agustan 1991 aka yanke Jigawa. Shi ya sa har gobe, in Pillars za ta buga wasa, za ka tarar da samari a ƙasar Haɗeja sun kewaye rediyo a teburin mai shayi, kowa na cewa "tamu ce".

Asalinta kuwa na 'yan sha'awa ne. Ƙungiyoyi uku aka haɗe wuri guda: WRECA ta hukumar ayyukan ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, shi ya tsaya kai da fata har abin ya tabbata. Kano ta riga ta ɗanɗana daɗin kofi, domin Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, amma bayanta an daɗe ana jin ƙishirwa.

Haƙurin ya yi tsawo. Sai a 2008 Pillars ta ɗaga kofin gasar a karon farko. A 2009 ta yi abin da har yau ake labari: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan kunnen doki 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai a 2010. Daga nan kofi ya zauna a Kano shekara uku a jere, 2012 zuwa 2014, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cika maƙil, Rabi'u Ali "Pele" yana juya tsakiya.

Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne tushen. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare a Birniwa, da raga ta sanduna biyu, irinsu ne suka cika waɗancan ƙungiyoyi uku. Shugabannin ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni na ƙasar Haɗeja, ku gyara musu fili, ku sa musu kofi duk shekara.