Waƙa Ta Ƙetare Iyaka, Kuɗinta Bai Dawo Ba: Tarihin Avex na Japan da Kasuwar Waƙar Hausa

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Raƙuma da shanu da tumaki suna gangarowa daga Jamhuriyar Nijar, ta Dungas da Magariya har daga Damagaram, riɗi da zoɓo kuma suna fitowa daga ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowace haja a nan tana da dillalinta da la'adarta, kuma an san wanda kuɗinta zai koma wa. Haja ɗaya ce ta saɓa wa wannan tsari. A rumfunan masu cajin waya da masu tura waƙa, irin waɗanda babu babbar kasuwar Arewa da ta rasa su, ana cika wa baƙo memori da waƙoƙin da aka buga a Kano, ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya kama hanyar gida. Mai rumfa ya samu na cefane. Mawaƙi da makaɗi da mai situdiyo kuwa ko sisi ba su gani.

Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe. A cikin wannan rufewar ne, a 2020, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyin Hausawa. An tare shinkafa, an tare man fetur, waƙa kuwa babu jami'in kwastan da ya iya tare ta. Kasuwar waƙar Hausa ke nan: faɗinta ya wuce na ƙasa guda, amma har yanzu ba ta haifi kamfanin da zai mallaki waƙoƙi, ya adana su, ya tattara kuɗinsu shekara da shekaru ba. Abin da wannan maƙala ke ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ba mawaƙa muka rasa ba, ba kuma masu saurare ba. Riƙon hanyar da waƙa ke bi ta isa kunnen mai saye shi ne ya kuɓuce. Tarihin wani kamfanin Japan mai suna Avex yana haska wannan batu sosai, domin daga irin rumfar da muka raina ya taso.

A farkon shekarun 1980 shagunan bayar da hayar faifai suka bazu a Japan. Matashi zai ɗauki faifai na kwana ɗaya, ya kwafe shi a kaset, ya mayar. Kamfanonin faifai suka ga asara ƙuru-ƙuru, suka garzaya kotu. Abin da ya biyo baya shi ne ya bambanta Japan da mu. Ba a rufe shagunan ba. A 1984 aka gyara dokar haƙƙin mallaka, aka amince da sana'ar, aka kuma wajabta wa masu shagunan biyan wani kaso ga marubuta waƙa da mawaƙa da kamfanoni. Wanda jiya ake kira ɓarawon fasaha ya zama abokin ciniki mai lasisi.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna, a birnin Yokohama, Masato Matsuura ya koyi sana'a yana ɗalibi. Ya ga abin da matasa ke ɗauka da abin da suke bari a kan kanta, ilimin da manyan kamfanoni masu ofisoshi a tsakiyar Tokyo ba su da shi. A 1988 shi da abokansa suka kafa Avex a Machida, a gefen Tokyo, kuma a lokacin ba su da mawaƙi ko ɗaya. Sana'arsu sarin faifan CD daga waje, musamman wani kiɗan rawa mai sauri da ake haɗawa a Italiya, wanda ake kira Eurobeat. Tatsumi Yoda, wanda ya daɗe a kamfanin kayan sauti na Sansui, ya shigo da sanin harkar kuɗi da yarjejeniya. A 1990 suka buɗe reshen fitar da faifai nasu na kansu, Avex Trax, suka riƙa sayen izinin waƙoƙin Italiya suna tara su a jerin Super Eurobeat, wanda ya wuce kashi ɗari biyu.

Sai da suka riƙe kasuwa sannan suka nemi mawaƙan gida. A 1993 suka fitar da ƙungiyar TRF tare da mai haɗa kiɗa Tetsuya Komuro, wanda ya ɗora harshen Japan a kan wancan kiɗan aro. A 1994 suka buɗe gidan rawa na Velfarre a unguwar Roppongi, inda a lokacin sabuwar waƙa ke fara gwada sa'arta. A 1995 Namie Amuro, 'yar tsibirin Okinawa, ta baro Toshiba-EMI ta dawo wurinsu, kundinta na 1996 mai suna Sweet 19 Blues ya sayar da fiye da kwafi miliyan 3. Ayumi Hamasaki ta biyo baya a 1998. Kafin ƙarshen ƙarni na ashirin, masu sarin faifan nan sun shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo, suna gogayya da Sony. Daga 2002 suka ƙara da bikin waƙa na shekara-shekara mai suna a-nation. Su ne kuma ƙofar da mawaƙan Koriya ta Kudu irin su BoA suka bi suka shiga kasuwar Japan.

Duk wanda ya san tarihin kiɗan zamani a Kano zai ji labarin nan bai yi masa baƙunta ba. Mu ma da aro muka fara. Finafinan Indiya sun shafe shekaru suna cika gidajen sinima na Kano da Zariya da Jos, har masu bege da mandiri suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙinsu, kamar yadda Brian Larkin ya nazarta. Kayan aikin ma, abin lura, akasarinsu daga Japan suka zo: kaset na TDK da Maxell da Sony, rikoda ta National Panasonic, bidiyon VHS da kamfanin JVC ya fitar a 1976. Bayan fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, buƙatar waƙar fim ta taso, sai fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shigo situdiyoyin Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna irin rawar da situdiyon Iyan-Tama na Hamisu Lamido ya taka tun tsakiyar shekarun 1990, da yadda makaɗa suka laluɓo a cikin wannan na'ura sautukan da ke kama da kalangu da sarewa da algaita. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, a daidai shigowar shekarar 2000, ita ce ta tabbatar wa kowa cewa yaro ɗaya da fiyano ɗaya zai iya cika gurbin tawagar makaɗa. Daga wannan tushe Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi, suka yi suna, daga baya Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka karɓa.

Kano ta samu na'urar Japan, ta samu kiɗan aro da ta mayar nata, ta kuma samu 'yan kasuwa masu sanin abin da mai saye ke so. Dilolin kaset na Ƙofar Wambai da Bata su ne takwarorin Matsuura. Hanyoyinsu sun kai Gusau da Maraɗi da Damagaram da Agadas, sun kai zangunan Accra da Kumasi. To me ya hana ɗaya daga cikinsu ya zama Avex?

Amsar farko tana cikin tsarin cinikin kansa. Mai fim ko mai waƙa yakan buga kwali, ya miƙa wa dila tare da uwar kaset, dila ya kwafa ya sayar, a yi lissafi bisa yawan kwalin da ya fita. Tsari ne mai wayo, wanda aka gina bisa amana da sanayya, kuma ya yi aiki na wani lokaci. Amma abin da ake saye da sayarwa a cikinsa takarda ce da roba, ba haƙƙin waƙar ba. Dila ba ya mallakar waƙa, don haka ba shi da dalilin zuba jari a kan mawaƙi na tsawon shekaru, ko ya adana uwar kaset bayan kasuwarta ta wuce. Da wayar salula ta shigo a 2001, daga baya memori da Bluetooth suka wadata, kwali ya rasa daraja, dila ya waiwaya bai ga abin da ya rage a hannunsa ba. Avex ma ya sha irin wannan guguwa lokacin da cinikin CD ya fara ja da baya, amma yana riƙe da takardun mallakar dubban waƙoƙi, waɗanda ya ci gaba da sayarwa a matsayin ƙarar waya, da waƙar talla, da ta karaoke, da ta intanet.

Amsa ta biyu ta fi wannan zurfi, domin ta taɓa al'ada. Tun 1957 M. G. Smith ya bayyana yadda roƙo ke gudana a ƙasar Hausa: makaɗi yana da ubangida, waƙa ta ubangida ce, lada kuma kyauta ce, doki ko riga ko gona. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗan fada da na jama'a sun ƙara fito da wannan fili. Fiyano bai rushe tsarin ba, sabuwar riga kawai ya sa masa. Mawaƙin yau yana samun abincinsa daga waƙar amarya da ango, daga liƙi a wurin biki, daga ɗan siyasa a kakar zaɓe. Dauda Kahutu Rarara ya isa misali. A wannan lissafi, yaɗuwar waƙa kyauta riba ce, domin ita ke kawo gayyata. Shi ya sa mawaƙi da kansa yakan so mai tura waƙa ya yaɗa masa sabon aiki. Hikima ce, amma mai tsada. Tana ciyar da mawaƙi muddin muryarsa na tashe, tana barin makaɗin fiyano da marubuci da 'yar amshi da kuɗin zama ɗaya, kuma ba ta barin abin da magada za su ci. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kamfanin EMI ya buga wasu faya-fayansa, gidajen rediyo irin na Kaduna sun naɗi da yawa, amma yau waƙoƙinsa suna warwatse a tashoshin YouTube na mutanen da ba su da wata alaƙa da gidansa. Wannan abin takaici ne ga duk mai kishin adabin Hausa.

Za a iya cewa kwatancin bai yi adalci ba. Japan ƙasa ce mai arziki, ita ce kasuwar waƙa ta biyu a duniya bayan Amurka, dokarta ma ta yarda kamfani ya ƙayyade farashin faifai a duk shagunan ƙasar. Makiyayin da ya sayar da akuya a Maigatari ba zai sayi kundi a farashin Tokyo ba. Gaskiya ne. Sai dai yana biya tun yanzu. Mai rumfa yake biya. Kuɗin suna nan, kaɗan-kaɗan daga hannu masu yawa, hanyar komawarsu ga mai waƙa ce babu. Kuma ba sai an je Asiya ba kafin a ga cewa abin mai yiwuwa ne a Najeriya. Kamfanin waƙa na Chocolate City, wanda Audu Maikori ya assasa da mawaƙan Jos, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Warner a 2019. Mavin, wanda Don Jazzy ya kafa a Legas a 2012, kamfanin Universal ya sanar da sayen mafi yawan hannun jarinsa a 2024. Ba gini ko na'ura aka saya ba, tarin waƙoƙi masu takarda aka saya da tsarin renon sababbin mawaƙa. A Kano akwai yunƙuri irin na Taskar Ala, ta Aminu Ladan Abubakar, amma galibin abin da ake da shi situdiyo ne da ke kewaye da sunan mawaƙi guda, wanda ƙarfinsa ke tashi da faɗuwa tare da shi.

Tarihin Avex yana da gargaɗi ma. A 2002 kamfanin ya fara fitar da CD mai kulle don hana kwafa, masu saye suka fusata, ya janye bayan kimanin shekara biyu. A 2004 rikici ya ɓarke tsakanin Yoda da Matsuura, manyan mawaƙa irin su Hamasaki suka goyi bayan Matsuura, Yoda ya sauka. Kamfanin da ya dogara da tauraro ɗaya ko biyu yana cikin haɗari komai girmansa, kuma yaƙi da mai kwafa ta hanyar kulle ko kame ba ya dawo da kuɗi. Samamen da akan kai wa masu tura waƙa a biranen Arewa bai kawar da sana'ar ba.

Abin da ya yi aiki a Japan shi ne lasisi, kuma shi ne ya fi dacewa da irin kasuwanninmu. Masu sana'a a kasuwar Hausa ba su rasa ƙungiya da shugaba. Ta nan ake karɓar kuɗin rumfa da na shara. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi ƙungiyoyin tattara kuɗin masu fasaha a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Kamfanin da ya tara izinin mawaƙa hamsin a rubuce zai iya zama da ƙungiyar masu tura waƙa, a yanka ɗan kuɗin wata a kan kowace rumfa, shi kuma ya riƙa ba su sababbin waƙoƙi masu tsabtar sauti kafin su fita a Audiomack ko Boomplay. Mai rumfa ne ya san waƙar da ake tambaya a wannan mako, ilimin da ya ɗaga Matsuura.

Yankin ciniki maras shinge na Maigatari, wanda aka assasa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an yi shi ne domin Jigawa ta ci moriyar abin da ke ratsa iyakarta, kuma tunanin masu tsara shi ya tsaya ga kayan da ake aunawa a buhu. Gwajin lasisin waƙa ba ya buƙatar sito ko babbar mota. Yana buƙatar rajistar rumfuna, da yarjejeniya da takwarorinsu na Magariya da Damagaram ta hannun ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, da akawu wanda mawaƙan Kano za su yarda su buɗe littafinsa su duba.